Tsare Ƙofar Akwatin Rarraba Saƙo: Bayani Ga Hakimai Da Malaman Ofis

Duk ofishin da aka haɗa kwamfutocinsa da waya, a Jega ne ko Aliero, a Maiyama ne ko Liba, za a iske wani ɗan akwati mai kafofi jere da fitilu masu ƙyaftawa. Sunansa suwic. Wayar kowace kwamfuta cikinsa take shiga, shi ke karɓar saƙo daga wannan ya miƙa wa waccan.

Manya daga cikin waɗannan akwatuna suna da ƙofa ta musamman, watau ƙofar umurni, inda mai kula da akwatin ke shiga ya tsara aikinsa. Wanda ya sami wannan ƙofa yana iya datse ofis gaba ɗaya, ko ya sa a riƙa kwafa masa abin da ke wucewa, ko lissafin kuɗi ne ko takardun rikicin gona, ba tare da ya ɓalle ƙyaure ba. Matsayinta ɗaya da hatimin Hakimi, wanda ba a barinsa bisa tebur.

A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri wajen 60, irin waɗanda masu ƙera na'ura ke sawa tun daga masana'anta. Da haka ta kame dubban na'urorin da masu su ba su sake kalmar ba. Ran 21 ga Oktoba na wannan shekara aka far wa kamfanin Dyn na Amurka da su, har Twitter da Netflix suka gagari jama'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ana roƙon a kiyaye waɗannan:

1. A sa akwatin cikin kabad a kulle. Wanda ya kai hannunsa gare shi yana iya mai da shi yadda ya fito daga kanti, tsaro duka ya rushe.

2. Ranar da aka kafa shi a sake kalmar sirri, a sa doguwa. Kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa, kada mutum biyu su yi tarayya a kalma ɗaya.

3. A rufe hanyar Telnet, a buɗe ta SSH. Telnet tun 1969 take, tana kai kalmar sirri a fili kamar wasiƙa ba ambulan. SSH kuwa, wadda Tatu Ylönen ya ƙago a Finlan a 1995, tana rikitar da rubutu yadda mai saurare a hanya ba zai gane ba.

4. A gaya wa akwatin kwamfuta ɗaya ko biyu da zai karɓi umurni daga gare su, ya ƙi sauran. Kada ƙofar umurni ta kalli intanet.

5. A sa ya riƙa rubuta wanda ya shiga da lokacin shigarsa, a kuma daidaita agogonsa.

6. In ɗan kwangila ya gama aiki, ko an sauya wa ma'aikaci wuri, a soke sunansa a ranar. Babbar kalmar sirri a rubuta ta, a liƙe a ambulan, a ajiye wurin shugaban ofis.

Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta kutsawa cikin na'urar wani ba izini. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuwa ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

Ba lalle ne Hakimi ya iya sarrafa akwatin da kansa ba. Ya isa ya kira malaminsa ya tambaye shi abu uku: mabuɗin kabad yana hannun wa, su wa suka san kalmar sirri, yaushe aka sake ta. In amsa ta yi rauni, a gyara kafin a tashi ofis. Allah shi ba mu ikon riƙe amana, amin.