Yadda Ake Haɗa Bidiyon Koyar da Neman Littafi a Laburare

Wannan makon za mu yi bayani a kan bidiyon da ake ɗauka daga fuskar kwamfuta ko waya, inda mai kallo yake ganin duk abin da aka danna, yana kuma jin muryar mai bayani.

Me ya sa muke buƙatarsa? Kwamfuta ɗaya ce a laburarenmu, kuma a cikinta malam ya shigar da sunayen littattafai da lambobinsu. Ƙannenmu 'yan aji ɗaya sukan ji kunyar tambayar yadda ake dubawa. Sai su fita ba littafi, washegari kuma su zo aji ba su yi aikin gida ba. Idan akwai bidiyo a kwamfutar, ɗalibi zai kalla, ya tsayar, ya maimaita har ya gane.

Ba sai an sayi kyamara ba. A Windows 10, idan aka buɗe manhaja aka danna Windows da Alt da R tare, za ta fara ɗauka. Akwai kuma manhajar OBS Studio wadda kyauta ce. Wayoyin Android 11 zuwa sama ma suna ɗaukar fuskarsu da kansu.

Bidiyonmu na farko minti 11 ne. Mun cusa komai a ciki, har da dokokin laburare, ga ƙarar ƙararrawa a tsakiya. Babu wanda ya kalla har ƙarshe. Ga abin da muka koya:

1. Bidiyo ɗaya, aiki ɗaya. Misali, "Yadda za ka nemo Magana Jari Ce na Abubakar Imam." Minti 2 ya isa.

2. Rubuta abin da za ka faɗa a takarda, ka gwada sau biyu kafin ɗauka. Wannan ne maganin "em, em".

3. Ka riƙa motsa kibiyar a hankali. Faɗi abin da za ka danna tukuna, sannan ka danna.

4. Nemi lokacin da babu hayaniya, kamar bayan an tashi, da izinin malam. Idan murya ba ta fita, aikin ya ɓaci.

5. Rufe duk abin da bai shafi darasin ba. Kada kalmar sirri ko sunan wanda ya ari littafi su fito.

6. Kada ka tsaya a samun lamba. Faɗi inda littafin yake a kanta. A tsarin Dewey da laburarori da yawa ke bi, kimiyya tana 500, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900.

Da muka sake ɗauka, mun kira wata ƙanwarmu 'yar aji ɗaya ta kalla, ba mu ce mata komai ba. Ta nemo sunan littafin, amma ta tsaya tana neman inda lambar take, domin mun wuce wurin da sauri. Muka gyara wannan wurin. Saboda haka kafin ka ce ka gama, ba wanda bai iya ba ya gwada.

Mai son shiga aikin bidiyo na gaba, wanda zai nuna yadda ake aron littafi, ya same mu a taron ƙungiya. Mu haɗu a fitowa ta gaba.