Bashin Yaron Shago: Wa Zai Biya?

Shirinmu na musamman a yau zai leƙa kasuwa, daga can kuma mu zarce kotu, domin mu ji abin da doka ta ce game da wakilci.

A ce wani Alhaji yana da shago a Kantin Kwari a Kano, ya ɗora yaronsa a kai. Yaron ne ke karɓar diloli, shi ke sa hannu a rasit, shi ke ƙirga kuɗi, shekara da shekaru kowa a layin ya san haka. Wata rana Alhaji ya kira shi gefe ya ce, "Daga yau kada ka ƙara karɓar kaya bashi." Babu wanda ya ji sai su biyu. Bayan mako guda yaro ya karɓi dilar atamfa bashi a wurin mutumin da suka saba hulɗa, ya sayar, kuɗi suka bi ruwa. Mai kaya ya zo, Alhaji ya ce ai shi ya hana.

A dokar da Najeriya ta gada daga Ingila, wannan uzuri da wuya ya fitar da Alhaji. Iko iri biyu kotu ke dubawa. Akwai wanda ubangida ya ba wakili da baki ko a rubuce, akwai kuma wanda jama'a suka gani a zahiri, wato abin da halayyar ubangidan ta sa mai hankali ya ɗauka cewa yaron yana da izini. Alhaji ne ya zaunar da yaro a kan kujera, shi ya bar masa littafin rasit, shi ya riƙa biyan basussukan baya ba tare da ƙorafi ba. Maganar da aka yi a keɓe ba ta ɗaure wanda bai ji ta ba. Don haka Alhaji zai biya mai kaya, sannan ya juya ya bi yaronsa, in yaron yana da abin biya.

Amma a lura, dole alamar iznin ta fito daga ubangida. Mutum ba zai tashi haka kawai ya ce shi wakilin wane ne, a kama wane da bashi ba. Haka kuma idan mai kaya ya san an hana yaron, ya rufe ido ya ba shi, to shi ya jawo wa kansa.

Wata shari'a da aka yanke a Birtaniya a 1912 ta kai maganar nesa. Wata mata da mijinta ya rasu ta je ofishin lauyoyi na Grace, Smith a Liverpool neman shawara kan gidajenta biyu. Akawun ofishin ya ba ta takardu ta sa hannu, ashe mallakar gidajen ta mayar masa. Ofishin ya ce ko kwabo bai ci ba. Kotun ƙoli ta lokacin ta ce duk da haka sai ya biya, domin shi ya ajiye akawun a wurin da mutane za su amince masa. A ganina hukuncin ya yi daidai. Matar ba ta da hanyar sanin halin akawu, ofishin kuwa shi ya zaɓe shi.

A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na Arewa ke aiki da shi, babin wakilci sananne ne, yana cikin Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam. A nan wakili amintacce ne. Idan kaya suka salwanta a hannunsa ba da sakaci ko ƙetare iyaka ba, babu ramuwa a kansa. In kuwa an ce ya sayar da buhu a kan farashi kaza ya karyar da shi, to ya shiga lamuni. Malamai kan kafa hujja da labarin Urwatul Bariƙi, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba dinari ɗaya ya sayo akuya. Urwa ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka. Daga nan ake fahimtar cewa cinikin da aka yi ba da izini ba yana tsayawa idan mai abu ya amince daga baya. Dokar Ingila ma ta yarda da haka, muddin tun farko da sunan ubangidan aka ƙulla cinikin.

Sai dillalai, na kara a Potiskum ko na hatsi a Dawanau. La'ada haƙƙinsu ce. Amma dillalin da ya sayar da sa a kan farashi, ya faɗa wa mai shi ƙasa da haka ya soke ragowar a aljihu, kotu za ta sa ya mayar, sai fa in tun farko an yi da shi cewa abin da ya hau nasa ne.

Wurin da attajirai suka fi faɗawa rami shi ne ranar sallamar yaro. An karɓe makulli, an yi baran-baran, amma ba a sanar da kowa ba. Yaron yana iya zagayawa wurin tsofaffin abokan ciniki ya kwashi kaya da sunan shagon, kuma bashin ya hau kan mai shago. Ranar da aka raba gari, a karɓe littafin rasit da hatimi, a sanar da shugabannin layi, a kuma aika wa duk wanda ya saba ba yaron kaya saƙo a rubuce, mai ɗauke da kwanan wata.