Hoton da Ke Tattara Lokaci: Yadda Ake Ɗaukar Ruwa da Duwatsu Cikin Baƙi da Fari

A shekarar 1838, wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre ya kafa na'urarsa ta ɗaukar hoto a tagar wani bene a birnin Paris, ya saita ta kan titin Boulevard du Temple, wanda ba ya rabuwa da hada-hadar jama'a da kekunan doki. Da hoton ya fito, sai ga titi fayau kamar an yi shara. Waɗanda kawai suka bayyana su ne wani mutum da ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi, da shushainan da ke durƙushe gabansa.

Dalili kuwa shi ne farantin ƙarfen da Daguerre ya yi amfani da shi yana buƙatar mintuna da dama kafin haske ya kama shi. Duk abin da ke motsi bai daɗe a wuri guda ba, balle ya bar sawu. A zamanin, wannan gazawa ce ta kayan aiki. A yau kuwa da gangan wasu masu ɗaukar hoto ke nemanta, musamman masu ɗaukar teku, tsaunuka da itatuwa cikin baƙi da fari.

Kyamara tana da wata 'yar ƙofa da ke buɗewa haske ya shiga, ta kuma rufe. A hoton yau da kullum, buɗewar ba ta kai ƙiftawar ido ba. A wannan salo kuwa, ana barin ƙofar a buɗe na daƙiƙa 30, ko minti biyar, wani lokaci ma sa'o'i. Dutse da gada da kututturen itace suna fitowa tangaran domin ba su gusa ba. Igiyar ruwa kuwa, da yake ta kai ta kawo sau da yawa, sai ta narke ta zama kamar madara ko hazo, gajimare kuma ya miƙe tamkar zaren auduga.

Matsalar ita ce da rana haske ya yi yawa, idan aka bar ƙofar a buɗe hoton zai fito fari fat. Saboda haka ake ɗaura wa idon kyamarar wani gilashi mai duhu da ke tace haske. Wanda aka fi amfani da shi, mai mataki 10, yana rage haske har sau 1,024. Ke nan hoton da za a ɗauka cikin kashi ɗaya bisa 60 na daƙiƙa sai ya ci kimanin daƙiƙa 17. Dole ne kuma a girke kyamarar a kan mariƙi mai ƙafa uku, domin girgiza kaɗan, ko ta iska ko ta yatsa, ta isa ta ɓata aikin baki ɗaya.

Zaɓen baƙi da fari ba son tsohon yayi ba ne kawai. Fim mai launi yakan karkatar da launuka idan ɗauka ta yi tsawo. Bayan haka, idan aka kawar da launi, ido ba shi da abin kamawa sai siffa da haske da inuwa, waɗanda su ne ginshiƙin wannan salo.

Daga cikin waɗanda suka yi fice akwai Michael Kenna, ɗan Ingila da aka haifa a 1953. Yakan yi aiki da dare ko da asuba, kuma wasu hotunansa kan ɗauki sa'o'i 10 ƙofar kyamara na buɗe. An san shi da hotunan tsibirin Hokkaido na ƙasar Japan, inda itace guda ko 'yan turakun shinge ke tsaye cikin dusar ƙanƙara, sauran fili duk fari. Shi kuwa Hiroshi Sugimoto na Japan, wanda ya fara jerin hotunansa na teku a 1980, ya kai abin ƙurya a gidajen silima: yakan buɗe kyamara a farkon fim, sai an gama ya rufe, allon ya fito fari ƙal, domin dukkan fim ɗin ya taru a kansa.

Akwai abin lura ga mai kallo. Irin wannan hoto ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne abin da ido zai tarar a wurin ba. Gaɓar tekun da ta bayyana tsit tana iya kasancewa cike da masu kai-kawo, ledojin da ke yawo a kan ruwa kuma sukan ɓace kamar yadda kekunan dokin Paris suka ɓace. Ya dace da bangon ɗaki, amma bai isa shaida kan tsabtar kogi ko yawan jama'a ba.

Mai son gwadawa ba sai ya mallaki kayan Kenna ba. Wayoyin zamani da dama suna da tsarin da ke ba da damar tsawaita ɗauka, kuma ruwa mai zubowa irin na Gurara a Jihar Neja yana narkewa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, muddin aka jingina wayar da dutse, aka kuma jira rana ta kusa faɗuwa.