Beach House: makaɗan da sunka rage ganga bayan sun yi suna

A birnin Baltimore na ƙasar Amurka akwai makaɗa biyu, mace da namiji, waɗanda sunka haɗu a shekarar 2004 sunka raɗa wa ƙungiyarsu suna Beach House. Macen ita ce Victoria Legrand, haifaffiyar Paris a 1981, ɗiyar ɗan'uwan Michel Legrand, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin nan Les Parapluies de Cherbourg. Namijin kuwa Alex Scally ne, ɗan garin. Ita ke rera waƙa tana taɓa orga, shi kuma yana kaɗa gita.

Irin kiɗansu shi ake kira kiɗan mafarki. Tafiyarsa a hankali take, murya na zuwa kamar daga nesa, amo kuma yana daɗewa cikin kunne kafin ya ɓace. Da gangan sunka zaɓi tsofaffin kayan aiki: orga irin ta da, da wani akwati mai buga ganga shi kaɗai ba da hannun mutum ba. Duk mai karatu da ya taɓa jin orgar Mamman Sani, wadda anka ɗauka a Yamai a 1978, ya san ɗanɗanon abin da muke faɗi. Faifansu na farko, na 2006, cikin kwana 2 sunka ɗauke shi a ɗakin ƙarƙashin gidan Scally.

Canji ya zo a 2010 da faifan Teen Dream. Sun koma kamfanin Sub Pop, sun ɗauki aikin cikin wata tsohuwar majami'a a jihar New York tare da Chris Coady, ga kuma makaɗin ganga na gaske. Muryar Victoria, wadda a da take ɓoye bayan orga, ta fito fili da ƙarfinta. Faifan Bloom na 2012 ya kai matsayi na 7 a jerin faifan da anka fi saye a Amurka. Sai zaurukan wasa sunka ƙara girma, taro ya ƙaru, kuma babban zaure ba ya cika sai da amo mai yawa. Ganga ta rinjayi sauran kaya, har ya zamana zauren ne ke faɗa musu yadda za su yi kiɗa.

Su da kansu sunka gane haka. A watan Agusta 2015 sunka fitar da Depression Cherry, sunka bayyana cewa girman wuraren wasa ya ja su zuwa kiɗa mai ƙara, nesa da halinsu na asali, saboda haka sun rage ganga, sun koma ga kaya kaɗan. Ba a cika wata biyu ba sunka ƙara da wani faifan, Thank Your Lucky Stars. A ganina wannan shi ne mataki mafi wuya cikin tarihinsu, don makaɗin da kasuwa ta buɗe masa ba safai yakan rage muryarsa da kansa ba, kuma ba su da tabbacin cewa masu sauraron da Bloom ya kawo za su tsaya. Abin mamaki, cikin faifan nan mai sanyi ne waƙar Space Song take, wadda matasa sunka ɗauka a TikTok shekaru bayan fitarta, har ta zama waƙarsu da anka fi sani a duniya.

Ba su zauna nan ba. A 2018 sunka rabu da Coady, sunka yi faifan 7 tare da Sonic Boom ɗan Ingila, ganga ta dawo da ƙarfi, amma wannan karo sun yar da tsohuwar ƙa'idarsu ta cewa ba su rubuta waƙar da ba za su iya kaɗawa gaban taro ba. A 2022 Once Twice Melody ya fito da waƙoƙi 18 cikin babi 4, su da kansu sunka jagoranci ɗaukarsa, har da masu goge irin na Turai a ciki.