Ya biya ranar 31, kwamfuta ta ce ya makara

Kawuna yana da shagon sari a kasuwar Meiganga: shinkafa, sukari, man girki. Yawancin masu ɗaukar kaya bashi suke karɓa, wasu ma daga Garoua-Boulaï suke zuwa, kuma sharaɗinsa ɗaya ne, kowa ya biya kafin wata ya ƙare. Da na dawo daga karatu a Ngaoundéré sai na rubuta masa wata 'yar manhaja mai duba ko ranar biya ta faɗa cikin watan, ta fitar da sunayen waɗanda suka makara.

Ran 1 ga Fabrairu ta fitar da sunan wani dattijo da ya shekara goma yana hulɗa da shagon. Kawu ya hana yaronsa kaya a gaban jama'a. Da la'asar sai ga dattijon da kansa, ya miƙa wayarsa: ya turo kuɗin ran 31 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma.

“Kai, ɗan nan, wace irin kunya ka ja mini?” in ji Kawu.

Laifina ne. Na umarci manhajar ta karɓi abin da ke tsakanin 1 da 31 ga wata, na manta cewa idan aka ba kwamfuta rana ba tare da awa ba, 00:00 take ɗauka, wato farkon ranar. A wurinta, watan ya rufe tun tsakar daren da 31 ta shigo, duk wanda ya biya da safe ko da yamma ya fita daga layi. Gyaran bai fi layi ɗaya ba: daga 1 ga Janairu, kuma ƙasa da 1 ga Fabrairu. Da haka ba ruwanka da wata mai kwana 30 ko 31, balle Fabrairun 2024 mai 29.

Ina cikin gyara na gano wata matsalar. Uwar garken da ke ajiye bayanan tana bin agogon GMT, Kamaru kuwa tana gaba da awa ɗaya. Wanda ya biya 00:30 ran 1 ga wata, sai a rubuta shi a watan da ya wuce.

Yanzu Kawu yana son rangwamen azumi. Wannan kam na bar masa gurbi ya cike da hannu, don sai an ga wata, kuma ranarmu daga magariba take farawa. Dattijon, buhun sukari muka ɗauka muka je har gida ba shi haƙuri.