Maƙiyan Kabeji Na Ƙarƙashin Ƙasa

Tun daga watan Nuwamba, da zarar ruwan kogin Kaduna ya ja da baya, masu lambu na Tudun Wada da unguwannin da ke kusa da ita sukan sauka fadama su kama aikin rani. Kabeji yana cikin manyan abubuwan da suke dasawa, domin yana son sanyin hunturu, kuma yana da masaya a kasuwar Bakin Dogo, inda yake gogayya da wanda ake kawowa daga Jos. Amma fa shuka ce mai cin jari. Ba ya yin iri a ƙasarmu saboda zafi, sai an sayo wanda aka kawo daga waje da tsada. Saboda haka kowane tsiro da ya mutu, kuɗi ne ya shiga ƙasa.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata al'ada da muke gani a lambuna, har da na makarantu. Mutum ya ga kabejinsa yana yaushi da tsakar rana alhali ya sha ruwa, sai ya garzaya ya sayo magani ya yi ta fesa wa ganye. Ganye kuwa ba shi da laifi. Sau da yawa ɓarnar tana can cikin saiwa, inda feshi ba ya kaiwa. Abin da ya kamata a fara yi shi ne a sa fartanya a tono tsiro ɗaya da ƙasarsa, a wanke saiwar, a duba.

Idan aka tarar an datse tsiro daidai da ƙasa, kamar an sa aska, to, aikin wata tsutsa ce mai launin toka. Da rana tana kwance cikin ƙasa, ba ta wuce inci biyu daga gindin da ta yanke, in an taɓa ta sai ta naɗe. Da dare take fitowa. Gyare ma yakan yi irin wannan ta'adi, ya ja ganyen zuwa raminsa. Maganinsu ba ya bukatar kwabo. A tona da safe a tsince su a ba kaji. Lokacin dashe kuma a yanka robar ruwa ko kwali a yi wa kowane tsiro zobe, a nutsa rabinsa cikin ƙasa. Masu lambu a Ingila suna da dabara mai kama da wannan, suna sa wa gindin kabeji faifai saboda wani ƙuda da ke yin ƙwai a wurin.

Idan kuwa saiwar ce aka cinye, a nemi gwazarma, farar tsutsar nan mai lanƙwasa, ko kuwa gara. Gwazarma cikin taki take zuwa. Wanda ya kwaso ɗanyen kashin shanu ko juji ya zuba a kwamin reno, shi ya yi wa ɓarawo jagora har ɗaka. A bar taki ya ruɓe sarai, a shanya shi, a tankaɗe. Ita gara ta fi far wa shukar da ƙishirwa ta galabaita, da inda aka binne busasshen kara.

Wanda ya fi su duka wuyar sha'ani shi ne wanda ido ba ya gani. Akwai wasu tsutsotsi ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu, waɗanda ke shiga saiwa su zauna, har ta kumbura ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi. Daga nan ba ta iya jan ruwa da abinci, kabeji ya tsumbure, ya ƙi naɗe kai. Kada a rikita wannan da ƙulle-ƙullen saiwar gyaɗa da wake, waɗanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Na gyaɗa a gefe suke manne, ana iya murje su da yatsa. Na cuta kuwa saiwar ce kanta ta kumbura. Waɗannan tsutsotsi suna cin tumatir da kuɓewa da gauta, watau kusan duk abin da mai lambu ke alfahari da shi. Don haka wanda ya cire kabeji ya dasa tumatir a wurin bai sāke kome ba. Sai a hutar da kwamin da dawa ko gero ko gyaɗa, kuma a tumɓuke tsofaffin saiwoyi a ƙone, kada a bar su su ruɓe a wurin.

A nan ne muke so mu ja kunnen waɗanda suka fara gina rumfunan leda da na raga don noman kayan lambu. Raga tana tsare malam-buɗe-littafi da sauran masu tashi, wannan gaskiya ne. Amma ba ta tsare abin da aka shigo da shi cikin taki, ko a jikin dashe, ko a tafin takalmi. Cikin rumfa kuwa ga ɗumi ga laima kullum, ga ƙasa ɗaya ana ta maimaita mata shuka ɗaya. A fadama ambaliyar damina da zafin bazara sukan rage ƙwari. A rumfa babu mai rage su sai mai rumfar.

Gyaran ƙasar reno shi ne tushen aikin, gama a nan tsiro ke yin mako 4 zuwa 6 kafin dashe. Iyayenmu sukan tara kara a kan kwami su cinna wuta, kuma suna da hujja. A shekarar 1976 masana a Isra'ila suka bayyana wata hanya da ta dace da mu: a jiƙa ƙasa sosai, a rufe ta da farar leda mai nuna ciki, a danne gefunan, a bar ta mako 4 zuwa 6 cikin zafin Maris da Afrilu. Rana ita za ta dafa ƙwarin. Garin 'ya'yan darbejiya da aka cuɗa da ƙasa mako biyu kafin dashe shi ma yana rage su, ga shi kuma taki ne. Itacen nan yana ko'ina a titunan Kaduna, 'ya'yansa na zuba ana sharewa.

Saura maganar guba. Dattawa za su tuna da Aldrin da Gammalin 20, da yadda wasu suka riƙa zuba Gammalin a rafi don kama kifi. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana Aldrin, a 2009 kuma aka ƙara da sinadarin da ke cikin Gammalin, domin suna daɗewa cikin ƙasa da ruwa da jikin mutum. Kabeji ɗanye ake yanka shi a kan shinkafa da tsire, lambunan kuma a bakin kogi suke. Duk wanda ya ga lalle sai ya sa magani, to, ya tuntuɓi malamin gona tukuna, kada ya karɓi garin da aka ƙulla a leda babu suna.

Ga malaman makarantu muna da roƙo ɗaya. A ware kwami biyu a lambun makaranta, ɗaya a gasa ƙasarsa, ɗaya a bar shi yadda yake, a dasa iri ɗaya rana ɗaya. Bayan wata biyu yara su tono saiwoyin su gwada da idonsu. Inda aka ga abin da ba a gane ba, a naɗe saiwar da ƙasarta a kai wa malamin gona, ko a aika Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya.