Siffanta Shugaba da Kiɗa: Taron Makaɗan Turawa da Makaɗan Fada

Gabatarwa

A wannan ɗan bayani zan duba yadda kiɗa ke zayyana rayuwar shugaba da halinsa, a wurin Turawa da kuma Hausawa.

Kiɗan Okestira

Okestira taron makaɗa ne masu yawa, akwai masu goge da masu sarewa da masu ƙaho da masu ganga, duk suna bin jagora guda. A shekarar 1942, Aaron Copland, wani mai tsara kiɗa ɗan Amurka, ya tsara kiɗan "Lincoln Portrait" a kan Abraham Lincoln, shugaban Amurka daga 1861 zuwa 1865. Ya kasa shi gida uku. Kashin farko na tafiya sannu a hankali, don nuna natsuwar Lincoln. Na biyu yana da sauri, an saka karin waƙoƙin jama'a na wancan zamani. Sai a na uku ne ake jin muryar mutum yana karanto kalaman shugaban. Ke nan kayan kiɗan ne suka fara gabatar da shi.

Makaɗan Fada

Abin da ya fi kusa da wannan a ƙasar Hausa shi ne kiɗan fada. Musa Ɗanƙwairo Maradun, makaɗin kotso wanda ya rasu a 1991, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, waƙar "Mai Dubun Nasara". Har yau nakan ji ta a wayoyin dattawa a unguwarmu ta Federal Low-Cost, Gombe. A irin wannan waƙa, kalmomi ne ke ɗaukar tarihi: salsala da kirari da ayyukan shugaba, 'yan amshi kuma suna maimaita gindin waƙa don ya zauna a zuciya. Amma ganga ma tana magana. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, kotso da kalangu suna kwaikwayon hawa da saukar murya. Shi ya sa ake gane basarake da takensa ko ba a ambaci sunansa ba.

Kammalawa

Mu ɗalibai mun saba rubuta matanin waƙa mu nazarci jigo da salo, mu bar kiɗan. A ganina, wanda ya yi haka ya bar rabin hoton shugaban. Ya kamata mu riƙa sauraron waƙa kafin mu rubuta ta, mu kuma tambayi makaɗa abin da gangarsu ke faɗa.